Yadda za ka shirya fim ɗin zullumi kan cin amana a harkar fim a nan Zariya

Duk wanda ya ɗan jima yana hulɗa da 'yan fim, a Samaru ne ko Sabon Gari ko Tudun Wada, yana da labarin da yake bayarwa murya ƙasa-ƙasa. Wani ya rubuta labari ya kai wa babba ya duba masa, bayan shekara ya ga labarin a YouTube da sunan wani. Wata ta yi wata biyu tana rihazal, ana gobe fita lokeshan aka ce mai kuɗin fim ya kawo tasa jarumar. Wani darakta ya ɗauki fim yadda ransa ke so, yana gida aka shiga ɗakin tacewa aka sauya masa ƙarshen labari. Mukan ba da labaran nan a teburin mai shayi, mu yi tsaki, mu watse. Ni kuwa na daɗe ina ganin a cikinsu akwai irin fim ɗin da ya fi dacewa da aljihunmu: fim mai zaman kansa, 'yan wasa huɗu ko biyar, ba bindiga ba aljani, amma mai kallo ya kasa jingina da kujera. Ina kiran wannan nau'i fim ɗin zullumi, domin abin da yake sakawa a zuciya ke nan. Fargabar duk a cikin kan jarumin take: wa zan yarda da shi a cikin mutanen nan, kuma ni ɗin ma, ina nan yadda na san kaina?

Ga yadda nake ba ƙannena shawarar su bi, daga takarda har ranar haskawa.

Mataki na farko: nemo abin da jaruminka ya sayar da hannunsa

A nan zan fi daɗewa, domin a nan mafi yawan rubutun da ake kawo mini ke karyewa. Marubuci yana zuwa da ciwon abin da aka yi masa, sai ya zana jarumi fari tas kamar madara, ya zana furodusa baƙin mugu mai dariyar ƙeta. Abin da ke fitowa ƙorafi ne, kuma mai kallo yakan gaji da shi kafin minti ashirin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Zullumi na gaske yana farawa ne ranar da jarumin da bakinsa ya ce "to, ba komai" a kan abin da zuciyarsa ta san da komai.

Ɗauki takarda ka rubuta abu uku kafin ka taɓa kwamfuta. Me jarumin ya rantse ba zai taɓa yi wa aikinsa ba? Me yake buƙata yanzu-yanzu da zai hana shi barci? Wane ɗan ƙaramin sassauci zai fara yi, wanda kowa zai ce ai wannan ba wani abu ba ne?

Bari in kafa misali da za mu riƙa komawa kansa. Matashi ne da ya gama karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya rubuta labarin yayarsa wadda ta rasu bayan wahalar da ta sha a gidan aure, ya kuma yi wa kansa alkawarin ba wanda zai ɗora mata laifi a fim ɗin. Mahaifiyarsa na kwance ba lafiya. Akwai wani darakta babba da ya biya masa kuɗin makarantar shekarar ƙarshe, yana ce masa "ɗana". Daraktan nan ne zai shirya fim ɗin.

Yanzu sai ka gina matakalar sauka, hawa biyar zuwa bakwai. Da farko a ce a saka waƙa biyu saboda kasuwa. Ya yarda. Sai a cire yarinyar da ya zaɓa, wadda ta fahimci rawar, a kawo mai mabiya da yawa a Instagram, kuma shi za a tura ya gaya wa ta farkon. Ya je ya gaya mata. Sai a ce mijin ya yi muni da yawa, a ɗan wanke shi. Sai a ƙara fitowa ɗaya da ke nuna yayar na da taurin kai. Kafin ya ankara, fim ɗin da ake ɗauka yana cewa ita ta jawo wa kanta, kuma da hannunsa ya rubuta kowane gyara. Ranar da aka ce za a cire sunansa a sa na wani sanannen marubuci don fim ya sayu, a ranar aka biya kuɗin asibitin mahaifiyarsa.

Lura da sharaɗi biyu. Kowane hawa sai ya zo da hujja mai kyau, irin wadda kai ma za ka iya karɓa. Sannan kowane hawa sai ya cutar da wani mutum mai fuska da muka sani a fim ɗin. Kalmar "fasaha" ba ta zubar da hawaye. Yarinyar da aka kora tana zubarwa, kuma ita mai kallo zai tuna.

Mataki na biyu: ka so maci amanar

Da ɗan gari akan ci gari. Baƙo ba ya cin amana, sai dai ya yi zamba. Wanda zai ci amanar jaruminka dole ya zama mutumin da ya taɓa yi masa alheri na gaske, kuma mai kallo ya ga alherin da idonsa a mintuna goman farko.

Daga nan ka ba shi gaskiyarsa. Wannan darakta ya ga zamanin kaset, ya ga na faifan CD, ya ga lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ke ba da kuɗin fim tun ba a ɗauka ba, ya kuma ga yadda masu tura finafinai a waya suka karya wannan kasuwa har kowa ya koma fim mai dogon zango a YouTube. Yana da mutum ashirin da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Idan ya ce wa yaron "fim ɗin da ba a kalla ba, ba fim ba ne", ba ƙarya yake yi ba. Ka zauna ka rubuta masa jawabi ɗaya mai ƙarfi har kai marubuci ka ji ka kusa yarda da shi. In ba ka ji haka ba, sake rubutawa.

Wani abin da muke da shi wanda ya fi kowace dabarar aro shi ne kunya da kara. A wajenmu ba a cin amana da tsawa, da lallashi ake ci. Dubi wannan:

"Maigida, na ce ko za mu ɗan rubuta wani abu a takarda kan labarin?"

"Takarda? Tsakanina da kai? Haba ɗana. Ai baƙi ake yi wa takarda. Zauna mu ci abinci."

Yaron ya zauna ya sa hannu a kwano. Ba wanda ya ɗaga murya, amma duk Bahaushen da ke kallo cikinsa ya ɗuri ruwa, domin ya san an rufe masa baki da girmamawa. Irin wannan fitowa ita ce jarinka. Ka bar maganganu su riƙa kewaye, gaisuwa ta yi tsawo fiye da kima, a tambayi jikin Hajiya daidai lokacin da ake son tuna masa bashin da ke wuyansa.

Akwai wata gaskiya ta shari'a da za ta ƙara wa labarinka nauyi. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wanda ya tsara yadda aka yi fim, wato furodusa a mafi yawan lokuta, shi doka ke ɗauka a matsayin mai aikin, sai dai in ɓangarorin sun yi yarjejeniya ta daban. Kuma miƙa haƙƙin rubutu ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Ke nan takardar da ba a rubuta ba, ko wadda aka sa wa hannu a gurguje ba a karanta ba, tana iya zama makamin fim ɗin gaba ɗaya.

Mataki na uku: tsara wa ya san me, kuma yaushe

Zullumi lissafi ne. Ja layi uku a babbar takarda: abin da jarumi ya sani, abin da maci amana ya sani, abin da mai kallo ya sani. Bi labarin fitowa bayan fitowa kana cikewa.

Sababbin marubuta suna son ɓoye komai sai ƙarshe su fasa ƙwai. Wannan yana ba da razana ta daƙiƙa goma. Abin da ke riƙe mutum awa guda shi ne ya riga jarumi sani. A misalinmu, bari mai kallo ya gani tun wajen minti na 15 cewa daraktan ya riga ya sayar da labarin ga mai kuɗi, da sunan wani, tun kafin ya ce wa yaron bai gama karantawa ba. Daga nan duk murmushin da ya yi masa sai ya zama ƙaya. Ka ɓoye abu ɗaya tak don ƙarshe, kuma ya kasance abin da ya shafi jarumin kansa. Ni da zan rubuta wannan, zan rufe da shi yana zaune a kujerar maigida, wata yarinya mai tace hoto ta kawo masa labarinta ta tambayi takarda, ya buɗe baki, mu ji irin muryar da muka sani.

Sai kuma shakkar kai, wadda ita ke bambanta wannan nau'i da fim ɗin rikici kawai. Jarumi ya buɗe kwamfutarsa ya tarar da fitowar da bai tuna ya rubuta ba, amma salon maganarsa ne sak. Mai kwantiniti, wadda ke rubuta abin da aka ɗauka a kowace fitowa, ta ce ai shi ya kawo gyaran ranar Talata. Mai ɗaukar hoto ma ya ce haka. Akwai saƙon murya a WhatsApp da ya tabbata an turo masa, ya duba babu. Shin haɗa baki aka yi, ko rashin barci da zaman asibiti ne suka fara taɓa shi, ko kuwa shi ya rubuta ya mance domin ba ya son tunawa? Ka riƙe ƙofofin nan uku a buɗe iya tsawon da za ka iya.

Hanyoyi uku na tsira da nake roƙonka ka guje musu: kada a ƙarshe ya zama sihiri aka yi masa, kada ya farka ashe mafarki ne, kada kuma ka jefa komai a kan taɓin hankali. Biyun farko suna sauke wa mutane alhakin abin da suka aikata. Na uku kuma zalunci ne ga masu fama da lalurar da gaske.

Tunda labarin a kan fim yake, kana da wata dama da sauran labarai ba su da ita. Zaɓi fitowa ɗaya daga fim ɗin da suke ɗauka, misali daren da yayar ta dawo gida da kayanta. Nuna ta sau uku: yadda yaron ya rubuta, yadda aka ɗauka bayan gyara, da yadda ta fito bayan tacewa. Kalmomi kaɗan ne suka sauya, amma ma'ana ta juye. Mai kallo zai ga cin amanar da idonsa ba sai wani ya yi masa bayani ba, kuma ɗaki ɗaya da 'yan wasa biyu sun ishe ka ɗaukar duka ukun a wuni guda.

Game da tsawo: shafi ɗaya na rubutun fim yakan ba da kusan minti ɗaya. Shafi 80 zuwa 90 ya isa. In wannan ne aikinka na farko, yi gajere na minti 20 da hawa uku kacal na matakalar, ka ga ko zai tsaya da ƙafarsa.

Mataki na huɗu: wanke labarin daga mutanen gaske

Harkar nan ƙarama ce, kowa ya san kowa. In ka zana mutum ɗaya sak, da irin hularsa da motarsa da salon dariyarsa, ka buɗe wa kanka ƙofar ƙarar ɓata suna, kuma mutane za su zo kallon gulma maimakon fim. Haɗa halayen mutum uku su zama ɗaya, sauya gari, sauya shekaru. In ranka na tafasa har yanzu, ajiye rubutun wata guda.

Mataki na biyar: takarda da kuɗi, kafin kyamara

Wannan shi ne wurin da na fi jin tsoro a kanka, domin abin da kake ba da labarinsa zai zo ya ƙwanƙwasa maka ƙofa kana tsakiyar aiki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na taɓa karɓar kuɗin wani bawan Allah a kan wani ɗan gajeren fim ba tare da mun rubuta komai ba. Da muka kai rabi ya ce sai ɗan'uwansa ya fito, kuma sai an sauya ƙarshe. Na ƙi, ya janye, aikin na nan a faifan ajiya har yau, kuma mutum shida da suka ba ni kwanakinsu ba su ga sakamakon wahalarsu ba. Su ne suka fi tsaya mini a rai.

Saboda haka, kafin ka nemi sisin kowa, rubuta abu uku da ba na sayarwa ba ne a fim ɗinka. Uku kawai. Sauran duk ka yarda ana iya tattaunawa, domin wanda ya ce ba zai sassauta a komai ba ba zai gama fim ba. Nuna wa mai ba da kuɗi waɗannan ukun tun zaman farko. Sannan a rubuta a takarda, da shaidu biyu: wa ke da maganar ƙarshe a tacewa, wa ke da tashar da za a ɗora fim ɗin, yadda za a raba abin da ya shigo, da yadda sunan kowa zai fito. Kuɗi kaɗan-kaɗan daga mutum biyar ya fi maka kwanciyar hankali a kan dunƙule daga mutum ɗaya.

Kai ma ka yi wa na ƙasa da kai takarda, ko da shafi ɗaya ne, ko da abokinka ne na yarinta. Musamman ma shi.

Wajen kasafi, ga jerin da nake bi: abincin ma'aikata da kuɗin motarsu, kayan ɗaukar sauti, faifan ajiya biyu, man janareta, sai kyamara a ƙarshe. Ka ware wani abu a gefe don tacewa da fassara, domin a nan finafinai da yawa ke maƙalewa bayan kuɗi ya ƙare a lokeshan.

Nakan tuna wa matasa cewa gardamar nan tsohuwa ce a garin nan. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da daga baya ta zama jami'armu, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya saboda sun ƙi yarda a koya musu zanen Turawa zalla a bar na gida. Ba su watsar da abin da suka koya ba, sun zaɓi abin da za su ɗauka da abin da ba za su saki ba. Lissafin da nake so ka yi da abubuwanka uku ke nan.

Mataki na shida: 'yan wasa

Allah ya yi wa Zariya arzikin 'yan wasa. Sashen wasan kwaikwayo na jami'a a Samaru, da dandalinsa na ginin ƙasa, ya daɗe yana yaye mutanen da suka san aikin tun shekarun 1970. Je ka kalli wasannin ɗalibai, ka lura da wanda ke saurare da kyau lokacin da ba shi ke magana ba. Shi kake nema.

Sai dai ɗan wasan dandali ya saba jefa murya har kujerar ƙarshe, kyamara kuwa tana kusa da hancinsa. Mako biyu na rihazal za ka yi kana rage masa: rage hannu, rage gira, rage murya. Gwada wannan: su yi fitowar cin abincin nan ba tare da furta kalma ba, sau uku, sannan a mayar da maganganun. Za ka ga rabin layukan ba a buƙatarsu.

Wanda zai fito a maigida, nemi mai fuskar da mutane ke yarda da ita, irin wanda za a ba ajiya. In kuma akwai mace a cikin 'yan wasanka wadda ke gaban iyayenta, je gidan da kanka tare da wani babba, ka yi bayanin labarin da lokutan aiki, ka kuma cika alkawarin lokacin tashi.

Mataki na bakwai: wuri, yanayi da sauti

Wuri uku ko huɗu sun isa. Zauren tsohon gida a cikin birni, mai kaurin bango da ƙaramar taga, yana ba ka duhu da haske ɗaya mai kaifi ba tare da ka kunna fitila ba. Lungunan da ke wajen Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Doka suna matse mutum a hoto. Tsofaffin gine-ginen da ke kusa da tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari suna da irin kaɗaicinsu. Ɗakin tacewa kuwa, shago ne ƙarami da labule da hasken kwamfuta a fuska, kuma a nan rabin fim ɗinka zai faru. In kana son numfashi sau ɗaya, kai jarumin gindin dutsen Kufena, ka bar shi ƙarami a cikin fili. Kafin ka kafa kyamara a kowace unguwa, gai da mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka.

Hazon hunturu a Disamba da Janairu yana tausasa rana, yana ba hoto wani fari-fari mai sa kasala, wanda ya dace da wannan labari ƙwarai. Sai dai ka riƙa rufe kyamara saboda ƙura. Da damina kuma, ruwa a kan rufin kwano yana cinye magana ɗungurungum.

Sauti shi ne rabin zullumi, kuma shi muka fi wulaƙantawa. Mai kallo zai yafe hoto mai ɗan duhu, ba zai yafe maganar da ba ya ji ba. Nemi mutum ɗaya wanda aikinsa kawai sauti ne, da abin ji a kunnensa koyaushe. Makirufo ya kusanci baki, a maƙale a riga ko a kan sanda daga sama. Janareta ya yi nisa, ka sayi doguwar waya. In kana aiki wajen Palladan ko Hanwa, ka sani ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi da rana. Je wurin kwana ɗaya kafin aiki ka zauna awa guda kana saurare kawai. Tsara hutunku ya dace da lokutan salla. A kowane ɗaki, kafin ku tashi, kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya. Mai tacewa zai yi maka addu'a saboda wannan minti.

Mataki na takwas: kyamara

Wutar lantarkin Najeriya tana bugawa sau 50 ne a daƙiƙa, don haka ɗauki firam 25 a daƙiƙa, shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam, a kan 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba fitilu za su riƙa ƙyaftawa a hoto. Wayar zamani mai kyau a kan ƙafa uku ta fi babbar kyamara a hannun da ke rawa.

Idan mutum biyu na magana, akwai layin da ke tsakaninsu wanda kyamara ba ta tsallakawa, don kada mai kallo ya rikice wa ke dama wa ke hagu. Kiyaye shi a duk fim ɗin, sai a fitowa ɗaya: lokacin da yaron ya gane abin da aka yi masa. A nan ka tsallaka da gangan. Mai kallo ba zai san me ya faru ba, zai dai ji ɗakin ya juye. Haka nan ka fara fim da hotuna masu faɗi, mutane biyu a firam ɗaya, kana tafiya kana matsowa kana raba su, har ya zama kowa shi kaɗai ne a nasa firam. Kada ka yi gaggawar cewa a yanke. Daƙiƙa biyar bayan magana ta ƙare, a nan fuska ke faɗin gaskiya.

Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a faifai biyu, su kwana a gida biyu.

Mataki na tara: tacewa

Manhajar tace fim ta DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta da ya isa wannan aiki har gyaran launi. Haɗa fim ɗin gaba ɗaya a gurguje tukuna, ka bar shi mako biyu, sannan ka dawo da sabon ido. Duk fitowar da wani ke bayyana abin da muka riga muka gani, cire ta, ko da ita ce ta fi ba ku wahala a lokeshan.

Kiɗa kaɗan. Tsinkiyar gurmi ɗaya, ko sarewa daga nesa, ko ƙarar fanka da ke juyawa, sun fi kiɗan ban tsoro da ake ɗebowa a intanet, wanda ma yana iya jawo maka matsalar haƙƙin mallaka a YouTube.

Tara mutum biyar da ba su san labarin ba, a cikinsu har da wanda ba ruwansa da harkar fim, irin ɗinki ko koyarwa. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kara za su yi maka. Tambaye su: a wane wuri kuka daina yarda da maigidan? A wane wuri kuka fara jin haushin yaron? In duk sun daina yarda da maigidan tun minti na biyar, ka yi masa baƙin fenti da yawa. In ba wanda ya ji haushin yaron ko sau ɗaya, koma mataki na farko.

Mataki na goma: fitar da shi

Fim ɗin da za a haska wa jama'a a Najeriya yana bi ta hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta duba ta sa masa rukunin shekaru. In kana da niyyar kai shi Kano, jihar na da tata hukumar tun 2001 da nata ƙa'idoji, ka nemi sanin su tun kana rubutu.

Kada ka yi saurin ɗora shi a intanet. Bukukuwan finafinai da yawa sun fi son wanda bai fita ba tukuna. Akwai bikin Zuma a Abuja, akwai AFRIFF a Legas, akwai FESPACO a Wagadugu ta Burkina Faso da ake yi duk bayan shekara biyu, kuma yawancin bukukuwa ana tura musu ta shafin FilmFreeway. Za ka buƙaci fassarar Turanci a ƙasan hoto. Ba wa wanda ya iya harsunan biyu sosai, ka zauna kusa da shi, domin "ba komai" ɗin jaruminka tana da ma'ana daban a kowane wuri da ya faɗe ta, kuma fassarar gaggawa za ta mayar da su abu ɗaya. Bayan zagayen bukukuwa da haskawa ɗaya ko biyu a nan gida, sai YouTube, inda tasha ke buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin ta fara samun kuɗin talla. In tasharka ba ta kai ba kuma za ka ɗora a ta wani, a koma ga takarda: tsawon wane lokaci, kashi nawa, wa ke ganin lissafi.

Aiki na ƙarshe kafin a fitar da kwafin gamawa shi ne jerin sunaye. Rubuta kowa, har mai dafa abinci da yaron da ya riƙe sandar makirufo da wanda ya ba ka shawarar da ta gyara fitowa ta bakwai. Tura jerin a zauren WhatsApp na ma'aikata, kowa ya duba sunansa da aikin da aka rubuta masa ya amsa da bakinsa cewa daidai ne. Sai wanda ya rage bai amsa ba ya amsa, sannan ka ce wa mai tacewa ya fitar.